An Share Kabarin Inna Ozella

Zuwa ga ƙanwata Earlene,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Wendell da yara, kuma sanyin Detroit bai tayar miki da ciwon gwiwar nan ba. Ubangiji ya ƙara lafiya. Mu nan Alabama da sauƙi, in ban da Kawu Cleophus, kuma saboda shi na ɗauki biro.

Kin san duk shekara in hutun tunawa da Dokta King, jagoran neman 'yancinmu baƙaƙen fata, ya zo, Fasto kan ce ba ranar kwanciya ba ce, ranar fita yi wa jama'a aiki ce kyauta. To, bana 'yarki Shavonne ta ɗauki abin da zafi. Ta ciko mota da abokanta na jami'a, kowa da riga iri ɗaya, wai za su share tsohuwar maƙabartar bayan coci. Mu tsofaffi ta ce mu zauna a kicin mu soya musu kaza, kada mu wahalar da kanmu. Muka zauna.

Sun kuwa share, Earlene. Ke da kika tashi a nan kin san iyayenmu ba su da halin sayen dutsen kabari. Abin da mamaci ya yi amfani da shi na ƙarshe ake ɗora masa, fasasshen faranti ne, fitila ce, kwalbar magani ce, da shi kowa ke gane nasa. Ashe har yarinyar nan ta girma ba ki taɓa samun bakin gaya mata ba. Tas suka kwashe wai tarkace ne, suka baje ƙasa, motar shara ta yi gaba da komai tun kazar ba ta huce ba. Har hoto suka tsaya suka ɗauka suna washe baki.

Da yamma Kawu ya dogaro sandarsa ya zo. Tun rasuwar Inna Ozella abu ɗaya yake roƙonmu, in ya mutu a kwantar da shi kusa da matarsa, inda shuɗin kofinta yake. Ya yi ta zagaya filin har ƙafa ta gaza. Yarinyar ta rugo da fara'arta tana tambayarsa ko wurin bai yi kyau ba. Ya dube ta ya ce, "Ya yi kyau, 'yar nan. Ina matata?" Da ta fahimta sai ta ɓarke da kuka, wai ba wanda ya gaya mata. Na ce mata ai ba wanda ta tambaya, kuma ta adana hawayenta, ba ita aka yi wa rashi ba. Ba zan ɓoye miki ba, ko ɗigon tausayinta ban ji ba.

Yanzu likita ya ce da wuya zuciyarsa ta kai shi bikin Ista na bana. Kullum sai ya sa na kai shi wurin. Ya tsaya nan ya ce ko nan ne, ya matsa gaba ya ce a'a.

Ga dalilin rubutuna. Coci na ba da lambar yabo ga wanda ya fi kowa aikin sa kai. Ni na ba da sunanta, na kafe har kwamiti ya yarda. Fasto ya ce anya kuwa, na ce ai shi ke mana wa'azin a ƙarfafa wa matasa gwiwa. Lahadin farko ta watan gobe za a yi, kuma Kawu ne zai miƙa mata da hannunsa a gaban kowa, ta dubi idonsa ta karɓa, in rai ya kai shi. Kada ki kira ni kina cewa yarinta ce. Ki turo ta, ke ma ki zo ki zauna a kujerar gaba.

Ki gaida min Wendell da Terrell da Monique da jaririnta. Shavonne kuwa ki bar min ita, ranar zan gaishe ta da kaina.

Taki yayarki,
Lurline