Ihun da Mansur Ya Haɗiye

Daura, 3 ga Afrilu, 2001

Zuwa ga Yaya Harisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Yaya Maimunatu da yara. Zubaida da 'yarmu Ummukulsum suna gaishe ku.

Taimako nake nema, kuma don Allah kada ka yi mini dariya. Tun da likita ya ce jinina yana hawa, in riƙa tafiyar ƙasa, Zubaida ta matsa sai na shiga wasan golf ɗin da mahaifinta ya kafa bayan ya bar aikin kwastan. Filin tsohuwar gonarsa ce ta hanyar Mai'adua, ramuka shida kacal. Babu ciyawa irin ta filinku na Kano. Kewayen kowane rami yashi ne da aka cuɗa da baƙin mai, idan ka gama sai ka ja katako ka share sawunka saboda na bayanka. Masu zuwa yawanci tsofaffin abokan aikin Alhaji ne, sai ni malamin dabbobi da na tsoma kaina a abin da ba nawa ba.

Yaya, ƙwallona ba ya tashi. Sai ya bi ƙasa da gudu kamar zabo, ya tsaya inda ko da hannu zan iya jefa shi.

Ni da abokina Sada muke bugawa, kuma kullum muna bari su Alhaji su yi gaba, don ba zan iya jerawa da surukina ina wasa ba. Asabar ɗin da ta wuce muka riga su zuwa, garin sauri na manta ban share yashin rami na uku ba. Alhaji ya sa aka kira ni, ya miƙa mini katakon da hannunsa a gaban jama'a, ya ce, "Malam Mansur, a nan ba a bar wa na baya sawu." Aka yi dariya, ta babban ɗansa Nasrullahi ta fi ta kowa. Na sunkuya na share. Har yau idan na tuna sai kunnuwana su yi zafi.

Kai da ka daɗe a wasan nan, ka koya mini yadda zan daina zama abin dariya. Ka ba direba Kabo amsa a tasha.

Ƙanenka,
Mansur

Kano, 9 ga Afrilu, 2001

Mansur,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, a gaishe da Zubaida da 'yata Ummukulsum.

Ka ce kada in yi dariya, to na yi, har Maimunatu ta leƙo ta ga ko lafiya. Zabo! Tun daga nan ina ganin yadda kake riƙe sandar, kamar galma, kana cije leɓe za ka fasa ƙasa. Ba noma kake yi ba. Riƙe ta yadda kake riƙe ɗan akuyan da aka haifa yanzu, kada ya suɓuce, kada kuma ka shaƙe shi. Ka kai ta baya a hankali, sannu ba ta hana zuwa. Ka bar idonka inda ƙwallon yake har sai ka ji ƙarar bugun. Ɗagowa da wuri don ganin inda ya tafi shi ne ke hana shi tafiya. Ka yi ta gwada wannan a bayan gida da safe, ba ƙwallo, sanda kawai.

Batun yashi kuwa, Alhaji Isyaku ya yi maka daidai. Da a filinmu ne sai an yi mako ana ba da labarinka. Wasan nan rabinsa ladabi ne. Idan wani zai buga ka yi shiru, kada inuwarka ta faɗa kan hanyar ƙwallonsa, kada ka ɓata wa na baya lokaci kana neman ƙwallo a ƙaya. Kada ka buga sai na gabanka sun wuce inda bugunka zai kai, ko da yake kai wannan ba damuwarka ba ce tukuna. Idan kuma ƙwallo ya nufi mutum, ka yi ihu iya ƙarfinka. Na ji a filinku "Hattara" ake cewa. Ka koyi buɗe baki, don na san ka, ko sallama ka yi sai an ce ka maimaita.

Allah ya ba da sa'a.

Yayanka,
Harisu

Daura, 27 ga Afrilu, 2001

Yaya Harisu,

Assalamu alaikum. 

Alhaji yana asibitin ido a Kano, ni ne sanadi. Don Allah ka je ka gan shi.

Jiya bayan la'asar muna rami na huɗu, wanda ake farawa daga gindin kuka. Su Alhaji sun yi nisa, suna gab da tutar da ke bakin ramin, inda ban taɓa kai rabinsa ba. Na ce mu jira. Sada ya ce, "Kai buga mana, ko ka shekara ba za ka kai su ba." Ya juya ya tafi korar awakin da suka shigo fili. Na yi duk abin da ka ce. Na sassauta riƙo, na kai sanda baya a hankali, ban ɗago ba. Sai na ji wata ƙara da ban taɓa ji daga sandata ba. Da na ɗago, ga ƙwallon can sama yana tafiya miƙe. Wallahi na ji daɗi, Yaya, kafin in ga inda ya nufa.

Alhaji ya ba ni baya. Daidai lokacin wani ya yi masa magana, ya waiwayo, ƙwallon ya same shi a idon hagu. Ya durƙushe, jini ya ɓata masa gaban riga. A asibitin nan aka ɗaure aka ce a wuce Kano. Zubaida ta bi su da yarinya. Na je zan shiga motar, Nasrullahi ya tare ƙofa ya ce, "Ka rama ke nan? Don an sa ka sharar yashi?" Zubaida tana ciki tana riƙe da kan mahaifinta, ba ta dube ni ba.

Ban yi ihu ba. Kowa a filin ya san haka.

Ka rubuto mini halin da yake ciki, kada ka ɓoye mini komai.

Mansur

Kano, 30 ga Afrilu, 2001

Mansur,

Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba.

Na je. An yi masa aiki, likita ya ce sai an kwance ɗaurin za a san ko idon zai tsira, kuma fuskar likitan ba ta yi mini daɗi ba. Alhaji Isyaku ya amsa gaisuwata da mutunci, bai ambace ka ba, ni ma ban ambace ka ba. Zubaida ta rame. Ta karɓi abincin da Maimunatu ta aika, ta yi godiya, shi ke nan.

Nasrullahi ya biyo ni har bakin mota. Ya ce gobe zai koma Daura ya shigar da ƙara a kotun shari'a, ya ce ganganci ne, kuma ƙanwarsa ba za ta sake kwana a gidan wanda ya tsiyaye idon ubanta ba. Na ce masa wanda ƙwallonsa bai taɓa tashi ba ina ya iya saiti? Ya ce, "Idan kuskure ne, me ya kama masa baki?"

 Daga gindin kukar nan zuwa tuta, ƙwallo yana daɗewa a sama yadda mutum zai yi ihu har sau biyu. Da ka yi, da ya dafe kai ya sunkuya kamar yadda kowane ɗan wasa yake yi. Ni yayanka ne, ban yarda ka yi da niyya ba. Amma ka faɗa mini me ya hana ka.

Harisu

Daura, 8 ga Mayu, 2001

Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya.

An zauna kotu jiya. Alƙali ya yi bayani cewa shari'a ta bambanta ganganci da kuskure, ɗaya ramuwa, ɗaya diyya, kuma wanda aka raunata shi ke da ikon yafewa. Nasrullahi ya kawo maganar katakon yashi. Aka kira Sada, ya rantse cewa shi ya ce in buga, amma da aka tambaye shi ko ya ji na yi gargaɗi, ya sunkuyar da kai ya ce bai ji ba. Ban ga laifinsa ba. Sai alƙali ya dube ni ya ce, "Ka ga ƙwallon ya nufe shi?" Na ce na gani. Ya ce, "Ka san ƙa'idar wasanku?" Na ce na sani. Ya ce, "To me ya hana ka?" Na yi shiru. Ya maimaita, na sake yin shiru. Ya ɗaga zama sai mai haƙƙi ya dawo.

Kai zan faɗa wa. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, idan na hango shi a hanya nakan cire takalmi in durƙusa. Da ƙwallon ya nufe shi na buɗe baki, Allah shaida ne. Na ga ƙeyarsa da farar hularsa, sai muryar ta ƙi fita. Ta yaya zan daka wa surukina tsawa daga nesa kamar mai korar jaki daga gona? Na ce a raina Sada zai yi. Na ce ai ƙwallon zai faɗi ƙasa kafin ya kai. Ina cikin wannan tunani sai ya kai.

Ban faɗa wa alƙali ba don na san abin da Nasrullahi zai ce. Zai ce ashe kunyata ta fi idon ubansa daraja. Kuma ban san yadda zan musa ba.

An rufe filin. A gari ana cewa dama wasan Turawa ne, ga sakamakonsa. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, shekaranjiya Haulatu ƙanwar Zubaida ta zo da akwati, ta ce Nasrullahi ya aiko ta kwashe kayan sawar yayarta. Ta kwashe har da takalman Ummukulsum. Ina tsaye a tsakar gida ina kallo. Yaya, ina tsoron na rasa su.

Ƙanenka,
Mansur

Kano, 13 ga Mayu, 2001

Mansur,

Salam. Zan gaishe ka da kyau idan raina ya huce.

Ka yi shiru a fili, mutum ya faɗi. Aka kai ka gaban alƙali, ka sake yin shiru. Aka zo kwashe kayan matarka, ka tsaya kana kallo. Wai kai sai yaushe? Tarbiyyar gidanmu ɗaya, ni ma ba na cin abinci a gaban uban Maimunatu, amma idan na ga maciji a ƙafarsa ba zan tsaya cire takalmi ba. Ni ma ina da nawa laifin. Na cika maka takarda da yadda ƙwallo zai tashi, maganar ihu kuwa na yi ta da wasa, alhali na san halinka.

An kwance ɗaurin. Idon bai tsira ba.

Jiya na koma. Alhaji Isyaku ya ce Nasrullahi ya ba mu wuri, ya fita yana huci. Sai ya juyo da ido ɗayan ya ce, "Harisu, daga ina ya buga?" Na ce daga gindin kuka. Ya ce, "Bugu ɗaya?" Na ce bugu ɗaya. Sai ya ce shi tun da ya kafa filin bai taɓa kai tutar nan da bugu ɗaya ba. Ban gane ko yabo ne ko tuhuma ba. Daga nan ya tambayi Zubaida, "Mijin naki a gida ma haka yake magana ƙasa-ƙasa?" Ta ce, "A'a Baba, a gida har waƙa yake yi wa yarinya. A gabanka ne kawai." Ita ce maganar farko da na ji ta yi a kanka.

Ban faɗa masa dalilinka ba, wannan aikin bakinka ne. Da zan fito na ji ya ce ta nemo takarda da biro. Ban san abin da zai sa ta rubuta ba, ko na kotu ne ko naka. Ka shirya wa kowanne.

Allah ya sassauta.

Harisu

Kano, 14 ga Mayu, 2001

Zuwa ga Malam Mansur,

Assalamu alaikum. Ni ne Isyaku, Zubaida ke rubuta mini. Ina fata kana lafiya.

Na kwanta a nan ina neman ranar da na taɓa jin muryarka sosai, ban samu ba. Na gane abin da ya faru. Ni ma na yi zama da suruki.

Na aika wa alƙali cewa na yafe, ba ramuwa ba diyya. Nasrullahi ɗana ne, zai huce. Ranar Juma'a za mu taho gaba ɗaya, Zubaida da yarinya gidanka za su sauka, Haulatu za ta mayar da akwati.

Amma da sharaɗi. Asabar da safe zan buɗe fili. Zan je in tsaya a tutar rami na huɗu in ba ka baya, kai kana gindin kuka, ba sanda a hannunka. Za ka ce "Hattara, Isyaku" har sai na ji, a gaban kowa. Idan ban ji ba za ka sake. Daga ranar kuma tare za mu riƙa bugawa, inda zan riƙa ganinka.

Na gode da kunyar da kake yi mini, ka ajiye ta a zaure. Ido ɗaya ya rage mini, ba ni da wani da zan ba ta.

Wassalam.

Surukinka,
Isyaku