Takalmin Baba na Hagu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon bayan nan, ya raya mana zuri'a, ya sa aikin da ya kai ku nesa ya zama alheri. Mu nan lafiya lau, sai kewarku. Mama tana nan tana fama da mai gyaran famfo, wanda ya gyara na kicin ya tafi ya bar na banɗaki yana ɗiga, wai don ya samu dalilin dawowa gaishe ta. Auta ta gama jarrabawa, ta ce ta yi ƙoƙari, kin dai san ma'anar wannan a gidanmu. Baba kuma lafiyarsa ƙalau, kuma saboda ki yarda da wannan magana ce na zauna rubuto miki.

Na ji yadda kuka yi da Mama a waya, kika ce ana ɓoye miki ciwon Baba, tunda mutumin da bai taɓa wuni a gida ba ya shafe watanni bai leƙa ƙofa ba, har kina shirin aiko masa da tikiti ya zo likitocinku su duba shi. Kada ki sayi tikitin. Kin kuma tambaye ni lambar kamfanin da ya yi mini takalma, don ke ma ki ba su odar jakunkunanki, ni kuma kullum sai in ce layin ba ya da kyau. Layi lafiyarsa lau. Amsar tambayoyin nan biyu ɗaya ce, kuma ba ta faɗuwa a waya, don idon Baba aka yi wa aiki, kunnensa kuwa bai taɓa neman likita ba.

Kin san takalminsa sau-ciki na fata, ruwan ƙasa, wanda tsohon badukun nan yake ɗinka masa tun muna yara. Kin kuma san tun da mutumin ya rasu takalmi ɗaya tak, dama da hagu, ya rage masa, yana lallaɓa shi kamar jinjiri. Duk wanda ya gan shi sai ya tambayi inda ake samun irinsa. Ni kuma da na bar aikin ofis na buɗe shago, sai na ga ai ga kasuwa nan a ƙafar ubana tana yawo. Na samo kamfani a ƙasar waje, na yi duk binciken da ake cewa a yi: na nemi takardunsu, na sa suka zagaya da ni cikin masana'antar ta bidiyo, na tuntuɓi wasu da suka taɓa yi wa aiki. Saura samfur. A lokacin Baba yana kwance bayan aikin yanar ido, an ce kada ya fita rana. Na shiga ɗakinsa kai masa ruwa, na fito da takalmin cikin mayafina. Ban tambaye shi ba, don na san zai ƙi, kuma na riga na yanke cewa ƙin nasa rigimar tsufa ce. Na ce a raina kafin ido ya warke takalmi ya je ya dawo.

Wakilin kamfanin wani mutum ne mai ladabi, Auta ta sa masa suna Ba Matsala, don da wannan kalma yake buɗe kowane saƙo. Da takalmin ya isa, ya rubuto yana tambaya ko su auna ƙafa ɗaya su juya ta ta zama ɗayar, kamar yadda aka saba, ko kuwa su kwafi kowace yadda ta zo, don sun lura akwai ɗan bambanci. Yaya, a nan ne karatuna ya yi mini rana. Na karanta isassun labarai a kan yadda kamfanoni ke rage inganci da wayo, su fara da tambaya mai taushi su ƙare da ba ka kwali a madadin fata. Sai na ga ai na kama su tun a ƙofa. Ban tambaye shi wane bambanci ba. Na rubuta masa amsa da Turancin da nake ajiyewa don ranar faɗa, na ce a kwafi komai daidai, ciki da waje, ko zare ɗaya kada a canza. Ya ce ba matsala. Ya ƙara da cewa za su aiko mini da na gwaji, dama da hagu, in saka kafin su ci gaba. Na lissafa lokacin da hakan zai ci, na ce hoto ya isa. Hoton kuwa ya yi kyau, har na nuna wa duk wanda ya shigo shago, ina cewa irin takalmin Baba na nan tafe.

Ido ya warke, Baba ya nemi takalminsa. Na faɗa masa inda yake, da murmushin mai kawo albishir, na ajiye masa sababbi masu tsada da na sayo don ya riƙa sawa kafin nasa ya dawo. Ya daɗe yana kallona da sabon idonsa. Bai yi faɗa ba, kin san shi. Ya ce Allah ya yi albarka, ya tura kwalayen ƙarƙashin gado, inda naki da kike aiko masa duk shekara suke jere. Daga ranar bai ƙara fita ba. Ya ce rana tana damun idon. Na mayar da shi asibiti a mota, daga ƙofar ɗaki zuwa mota yana riƙe da kafaɗar Mama, likita ya ce idon ya fi nawa gani. Abokansa na bencin shagon mai gyaran agogo suka yi ta aiko da gaisuwa, daga baya suka rage. Salla ma a ɗaki. Ni kuwa har na karanto wa Mama abin da masana suka ce a kan damuwar tsofaffi bayan tiyata. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce in miƙo mata murfin tukunya.

Kaya suka iso, ban sa kowa ya duba su kafin a loda ba, don na ga kamar ɓata kuɗi ne a kan mutanen da na riga na tsorata da Turanci. Na fara buɗe kwalaye ina neman takalmin Baba, babu shi. Na ce zan bi sawu, na shiga ciniki. Wanda ya fara saye maƙwabcinmu ne, tsohon hedimasta, wanda ya daɗe yana kwaɗayin takalmin Baba. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi ya shigo shago a karkace, kamar kwale-kwalen da aka loda wa kaya gefe guda, ya ce 'yata, ko dai titin nan ne ya fara gangarewa ko kuwa ƙugunsa ne ya tashi aiki. Bayansa wani direba ya zo ya ce tun da ya sa takalmin matarsa take tambayarsa abin da ya sha. Na zura hannu cikin na dama, na zura cikin na hagu. Daga waje tsayinsu ɗaya, dunduniya ɗaya. A ciki kuwa na hagu ya fi tudu da kaurin yatsa da wani abu. Na buɗe wani kwalin, haka. Na buɗe na can ƙasa, haka.

Na rubuta wa Ba Matsala saƙon da yanzu ba na iya sake karantawa. Bai mayar da zafi ba. Ya turo mini kwafin umarnina, sannan ya turo hoto. Ashe idan aka ce a kwafi takalmi ciki da waje, farke shi ake yi, abin da ban taɓa tambaya ba. Ga takalmin Baba a kan teburin ƙarfe, an tsaga shi biyu kamar kifi. A ƙarƙashin shimfiɗar na hagu akwai fata hawa-hawa, an jera ta an ɗinke da hannu, an sassaƙe ta yadda ba za ta nuna daga waje ba, kuma samanta ya lotsa daidai da dunduniyar mai shi. Ya rubuta a ƙasa cewa masu aikinsu sun yaba da ɗinkin ƙwarai, kuma sun yi iyakar ƙoƙarinsu su kwaikwaye shi. Na zauna a kan kwali ina kallon hoton, na rasa wanda zan yi wa faɗa.

Na kai wa Mama wayar a kicin. Ta kalla, ta goge hannunta, ta rufe ƙofa. Ta ce Baba yana ƙarami ya faɗo daga bishiya ya karye a ƙafar hagu, ƙafar ta ɗoru amma ta gajarce, yara suka sa masa sunan da har yau bai taɓa faɗa mata ba. Da ya bar garinsu ya fara aiki, albashinsa na farko wurin baduku ya kai. Ta ce a duniyar nan ita da marigayi badukun ne kawai suka sani, ita ma sai da ta haife ki. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa mini tun ranar. Ta ce ba sirrinta ba ne, kuma ni ɗin tun da na dawo daga jami'a ban taɓa tambaya don in ji amsa ba.

Yanzu ki tuna da ni, Yaya. Tafiyar nan tasa a tsakar gida idan ba takalmi a ƙafarsa, a hankali, hannu ɗaya a bango, da muke kwaikwayo muna cewa ƙasaita. Yadda yake rigan kowa shiga masallaci, ya zauna kusa da ƙofa, ya bari sai an watse kafin ya tashi. Ban ce babu ibada a ciki ba. Da kuma takalmanki da kike kuka ba ya sawa, kina cewa ya raina zaɓinki. Mutum ya yi shekarun da suka fi nawa yana tsaye daidai a gaban 'ya'yansa, ni kuma na nannaɗe abin a takarda na aika wa baƙi, suka tsaga, suka auna, suka buga shi kwali-kwali, na baza shi a ƙafafun unguwa da sunansa a kai.

Wannan na ƙarshen ne ya fi tayar mini da hankali, don kowa ya san samfurin na Baba ne, kuma hedimasta ba yaro ba ne a lissafi. Don haka na bi duk wanda ya saya na karɓo, na ce ni na rubuta wa kamfani awon da bai dace ba. Ba ƙarya ba ce sosai. Unguwa ta samu abin dariya: mai digiri biyu ba ta san ƙafa biyu tsayinsu ɗaya ba. Mai shagon kusa da ni yanzu idan ya hango ni sai ya ɗan karkace. Ina yi masa dariya, don wannan kunyar mai sauƙi ce. Na gwada cire tudun da wuƙa, takalmin ya lalace, an gina shi a jiki. Sauran suna ɗakin baƙi har rufi, idan kin zo a tsakiyarsu za ki kwana.

Lambar kamfanin tana bayan takardar nan, kuma mutanen kirki ne, abin da ka ce shi suke yi, wanda shi ne haɗarinsu. Kada ki aika musu da abin da ba ki juya shi ciki da waje da hannunki ba, kuma kada ki aika da abin da ba za ki iya rasawa ba. Ki rubuta awo, kada ki ce a kwafa. Idan suka yi tambaya, ki tambaye su me ya sa suka tambaya. Na gwajin nan ki jira shi ko zai kai wata nawa, ki rataya jakar a kafaɗarki ki yi yawo da ita, kuma ki sa a buɗe kwalaye a can kafin su hau ruwa. Duk wannan na san shi tun kafin in fara, har na taɓa koya wa wasu.

Saura labarin Baba. Na yi kwanaki ina shirya jawabin neman gafara, Mama ta ce idan na buɗe baki na gama kashe shi. Sai na zaɓo mai lambar ƙafarsa daga kwali, na goge, na ajiye a ƙofar ɗakinsa da safe, daidai inda tsohon yake zama. Na koma falo na riƙe jarida a gaban fuskata. Ya fito, ya tsaya. Na ji shigar ƙafa ɗaya, na ji ta biyu. Ya taka zuwa bakin famfo ya dawo, ba hannu a bango. Ya shiga ya sako hula. Da zai wuce bai kalle ni ba, ya ce wa Mama fatar ba ta kai ta da ba, amma mutanen ba su da ha'inci. Sannan ya ce ta gaya wa mai shago, duk masu lambarsa a ware su gefe, kada a sayar. Ya fita. Na leƙa ta taga har ya sha kwana, yana tafe tsaye kyam kamar yadda muka san shi. Mama ta ce ranar sai da mai gyaran agogo ya rufe shago suka tashi daga benci. Har yau "mai shago" yake kirana, bai koma ga "uwata" ba tukuna. Ina jira, ban kuma ce na cancanta ba.

Mama ce ta ba ni izinin rubuto miki, ta ce gara ki sani da ki kai shi gaban likitan da zai ce ya cire takalmi ya taka. Ki karanta ke kaɗai, ko maigidanki kada ya gani. Auta ma ba ta sani ba, tana nan tana ba ƙawayenta labarin awona.

Ki gaishe mini da maigidan naki, da Babban Yaya da iyalinsa idan kun haɗu, da 'yan biyunki, ki ce Anti ta ga zanen da suka aiko, ta gane kyanwar amma ba ta gane kanta ba. Mama da Auta suna gaishe ku. Baba ya ce a ce miki ya warke. Idan Allah ya kawo ki, ki kawo masa hula ko turare. Kuma idan ya fito tarbarki a ƙofa, don Allah ki kalli fuskarsa.

Taki ƙanwa,
Mai shago