Fuskata ce a shafin, lambar waya tasa ce

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Ranar Laraba da ƙarfe goma sha ɗaya na safe ina rumfata a kasuwar Makarfi, ni da maƙwabcina mai barkono da wani dattijo abokin marigayi mahaifina, sai wata Hajiya ta sauko daga mota. Ta dube ni, ta dubi wayarta, ta ce, "Kai ne, har hular ba ka canja ba." Ta kwance leda ta zube mazarƙwaila a tabarmata, baƙa ƙirin, ga ƙauri ga yashi. Ta ce, "Malam, da furfurarka? Abin da ka aiko min na sunan jikata ke nan?" Ni ban taɓa ganinta ba, kuma wannan ba dahuwata ba ce. Dattijon nan ya miƙe, ya ce shi bai taɓa jin an faɗa wa ubana irin wannan magana ba, ya tafi ko sallama babu.

Bari in ɗauko daga farko. Mazarƙwaila gadon gidanmu ce. Mu sau biyu muke tace ruwan rake kafin ya shiga tukunya, shi ya sa tamu take fita ja garau. Bara mijin ƙanwata, wanda tare muka yi makarantar allo, yanzu yana da shagon kwamfuta a Ikara, ya ce zai buɗe min shafin intanet. Ya ce shafi mai kyau shi ne wanda mai saye zai ga fuskar mai kaya, ya ga kayan ba ƙarya, ya kuma sami lambar da in an kira za a ɗauka. Maganar ta shige ni. Ya zo gona ya ɗauke ni hoto ina juya tukunya, ya ɗauki dokin da ke jan injin matsa, ya rubuta tarihin mahaifina. Da aka zo kan lamba ya ce gonata ba sabis, a sa tasa, shi zai riƙa sanar da ni. Na yarda.

Da farko oda ta shigo sosai. Daga baya ta ja baya, ya ce kasuwa ce ta mutu. Ashe yana bin kasuwannin ƙauye yana sayen mazarƙwaila mai araha, ya ɗaure ya kai tasha, a ƙarƙashin hotona kuwa an rubuta wai daga hannuna take fitowa.

A ranar Larabar nan, da Hajiyar ta nuna min shafin a wayarta, bayan la'asar na same shi a shago. Bai musa ba, dariya ma ya yi. Ya ce, "Haba Yaya, kai sai ka yini kana tace-tace, masu oda su jira ka? Zaƙi ai zaƙi ne." Na ce ya cire hotona da sunan ubana. Ya ce shafin nasa ne, mabuɗin yana hannunsa, hoto kuma da ƙafata na tsaya aka ɗauka.

Washegari ƙanwata ta kira ni tana kuka, wai in rufa musu asiri, da wannan cinikin suke ciyar da yara, kuma kada Inna ta ji, tana fama da hawan jini. Ni kuma tun ranar ba na iya ɗaga kai a kasuwa, don labari ya zaga. Har yanzu shafin yana nan, kullum ana tura wa mutane yashi da sunan gidanmu.

In na kai shi gaban manya, Inna za ta ji, auren ƙanwata zai girgiza. In na yi shiru, na zama abokin ha'inci. Waɗanda suka san kwamfuta, akwai hanyar da za a cire fuskata ba tare da yardarsa ba? In babu, ku faɗa min gaskiya: in tara manya ranar Juma'a, ko in ƙara masa mako ɗaya saboda ƙanwata?