Inna, Ba Iya Asabe Ba Ce, Funkasonta Ne

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ɗa ga uwarsa da fatan Allah Ya yalwata miki makwanci, autanki Sani ne. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike, amma mutanen garinmu suna karanta abin da nake rubutawa a waya, kuma maganar ta shafe su. Na zo ne in wanke Iya Asabe, maƙwabciyarmu. Shekara da shekaru garin nan yana kiran ta mayya, kuma ni da ke mun san daga ɗakinki sunan ya fito.

Kin fi kowa sanin irin ɗan da kika haifa. Ciki kamar tulu, ƙafafu kamar karan dawa, kuma babu wanda ya kai ni sanin hanyar masai. Sa'o'ina suka yi tsawo suka bar ni, ƙannensu ma suka zo suka wuce. Abin da ya ruɗa mu shi ne ciwon bai tsaya wuri ɗaya ba, shi ya sa kowane sashe na jikina ya samu nasa mai maganin. Gudawar aka ce basir ce, na sha sassaƙe har ɗaci ya daina damu na. Idona ya yi fari, aka ce shawara. Ƙuraje masu ƙaiƙayi suka feso mini a gwiwar hannu, aka ce ƙazwa, kika ƙone tabarmar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Gyambon baki zafi ne, ciwon gaɓoɓi sanyi ne, wato mutum ɗaya ana yi masa maganin zafi da safe, na sanyi da yamma. Saurin fushina kuwa ba ki nema masa magani ba, kin ce wannan gadon dangin Baba ne.

A lokacin Iya Asabe aminiyarki ce, katanga ɗaya ta raba ku, kuma duk garin babu mai funkaso kamar ta. Da ta ji na kwanta, sai ga ta da kwano a lulluɓe, ta zauna sai ta ga na cinye. Washegari sai ciwon ya ninka. Ta ji tausayi ta ƙaro wani kwanon. Ke kuwa kina gefe kina lura, kina cewa, “Ni ban zargi kowa ba, amma Allah Ya ba ni ido.”

Inna, idonki bai yi ƙarya ba. Lallai wani abu yana shigowa tare da ita. Kuskurenki kawai, kin kalli matar kin bar kwanon.

Kika hana ta shiga gidanmu. Kika faɗa wa mutum ɗaya a asirce, kafin Juma'a ta zagayo asirin ya kai kasuwar Makoda. Aka daina sayen funkasonta, mata suka riƙa janye 'ya'yansu idan ta zo rijiya. Ke kuma don kada in yi kewar abin daɗi, kika ɗora ni a kan shayi da burodi, tunda shi ne abincin marar lafiya. Duk mai zuwa dubiya da burodinsa a hannu. Da na ƙi warkewa, kika ce ai mayya ba ta buƙatar ƙofa. Na girma a haka, na zama malamin firamare, na yi aure, matata Hadiza kuma gwanar taliyar murji ce. Kullum cikin ƙauna ake kashe ni.

Bayan rasuwarki aka shiga shekarun tsanani. Kuɗin mota ya tashi, fulawa ta fi ƙarfin talaka, burodi ya ƙanƙance har ya ɓace daga gidanmu. Masu dubiya suka koma zuwa da addu'a zalla. Muka koma tuwon dawa da kunun gero, ran da aka samu sauƙi a dama fura. Sai ga abin mamaki: gari duk yana rama, ni ina kumatu. Ƙurajen suka bushe, na yi noma damina guda ban kwanta ba. Wasu suka ce ina ɓoye abinci a makaranta. Masu zurfin tunani kuma suka ce Iya Asabe ce ta tsufa, haƙoranta sun zube, ba ta iya tauna kurwa.

Gurasa ce ta tona asirin. A wani suna na ci bandashen gurasa har na yi gumi, kwana biyu komai ya dawo, har fushin dangin Baba. Hadiza ta tasa ni gaba muka hau bas zuwa asibiti a Birni. A can wata likita ta yi abin da ba a taɓa yi mini ba, ta saurari jerin cututtukana daga kai har ƙafa ba ta katse ni ba, sannan ta tambayi abin da na daina ci tun da rayuwa ta yi tsada. Ta ce in koma cin burodi na 'yan makonni kafin gwaji, don in na daina ciwon yakan ɓuya. Kin ji likita! Aka ɗibi jini, aka zura mini wata roba ta maƙogwaro aka leƙa hanjina.

Sunan abin siliyak. Ta ce jikina ne ba ya shiri da wani sinadari da ke cikin alkama da sha'ir. In na ci sai jiki ya far wa hanjinsa da yaƙi, hanji ya kasa tsotse amfanin abinci, daga nan sai ciwo ya ɓulla a jini da fata da ƙashi da baki. Ta ce wani ma ba ya gudawa sam, gajiya ce kawai da ƙarancin jini. Maganinsa barin alkama har ƙarshen rayuwa. Da ta ce yana bin dangi, sai na tuna farin idonki da yadda kike dafa bango in za ki tashi.

Na je wurin Iya Asabe bayan la'asar, lokacin da layin ya fi cika, na tsuguna a ƙofarta na yi bayani da ƙarfi don masu kunne su ɗauka. Ta saurare ni, ta shiga ciki, sai ga ta da funkaso. Ashe har yanzu takan soya kaɗan ranar kasuwa, baƙi ne ke saye. Inna, na shiga uku. In na ƙi ci, a ce har yanzu tsoron ta nake. In na ci, jibi in kwanta, a ce ga shi nan ta ƙarasa shi. Na ce, “Iya, alkamar ce ba ta so na. Dama mini fura da hannunki.”

Ta dama. Na kafa kai a ƙwaryar a gaban kowa, na shanye, na ce a ƙaro. Yau sati uku kullum sai na je, kuma lafiyata ƙalau, abin da ya ɓata wa mutane da yawa lissafi.

Na roƙe ta ta yafe miki. Ta daɗe tana juya ludayi kafin ta ce, “Tun muna amare muka yi alkawari, wadda ta riga tafiya ɗayar ce za ta yi mata wanka. Ranar da ta rasu na ɗora ruwa, na zauna a bayan katangar nan. Ba wanda ya kira ni.” Ta share ido da bakin zane ta ce ta yafe duniya da lahira, ai tsoron rasa ɗa ne ya sa ki.

Ni ma ban riƙe ki da komai ba, Inna. Duk burodin da kika tura mini a baki, ke kika hana cikinki.

Allah Ya gafarta miki abin da kika faɗa cikin rashin sani, Ya yafe mana mu da muka yaɗa shi. Ya ba Iya Asabe ladan haƙurinta, Ya sake haɗa ku maƙwabtaka a Aljanna.

Autanki mai kewar ki,
Sani