Hannun Baba a Fourvière

Stains, Maris 2009

Yaya Zouera,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam Issa da jaririya. Ya ƙarin haƙurinmu? Inna tana gaishe ki. Tana cikin takaba, ba ta fita, ni ake aike ko'ina.

Dangin Damagaram sun yi waya, suna son hoton Baba. Na zazzage akwatinsa kaf. Kin san shi, kowace Lahadi sai ya ja ni gidajen sarakunan dā na Faransa da lambunansu, yana shafa bango yana yabon maginan kamar abokan aikinsa. A hotunan da na samu ga Versailles, ga Chantilly, ga ni ina ɓoye fuska a hijabi. Shi babu, sai na katin zama, wanda ko kama da shi bai yi ba.

Amma akwai pelikil, fim ɗin da ba a wanke ba, a cikin kamararsa. Kin tuna da muka zo sunan jaririya a Lyon, muka hau tudun Fourvière wajen tsohon dandalin Rumawa? Ranar ce ya fara miƙa mani kamarar, na ɗauke shi. Jiya na kai wa wani tsoho a Barbès ya wanke. Ban gaya wa Inna ba tukuna. Ki taya ni addu'a.

Ƙanwarki,
Biba

Stains, Afrilu 2009

Yaya Zouera,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin jaririya, tarin ya sauka?

Na karɓo hotunan. Duwatsun da Baba ya ɗauka sun fito tas, ke ma kin yi kyau. Wanda na ɗauki Baba shi ne na ƙarshe. Yaya, fuskarsa ta zama kamar hayaƙi. Tsohon ya ce ban juya zoben da ke daidaita gani ba, kuma ba ya gyaruwa. Sai na tuna. Baba ya lura, ya taho ya nuna mani. Ni kuwa Turawa suna kallona, na yi sauri na danna don a gama.

Hannun da ya miƙo ne kaɗai ya fito sosai. Har kaushin siminti ana gani a yatsunsa.

A bas na wuce unguwarmu ban sani ba. Da na iso, Inna ta ga idona, ta karɓi ambulan. Ba ta tambayi fuskar ba. Ta ɗora tafinta a kan nasa, har lokacin la'asar ya shiga ba ta ɗauke ba. Ta ce a aika wa Damagaram na katin, wannan namu ne.

Allah ya jiƙan Baba. Ki gaida Malam Issa.

Taki,
Biba