Tayoyin da Oga Bulus ya ƙi ɗaurawa

Yaya Sadiya,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya maigidan da yara, yaya sanyin ƙasar mutane? Mu nan lafiya, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Tayoyin motar da nake kai Baba wankin ƙoda Gwagwalada sun suɗe. Da yake ni 'yar boko ce, sai na sayi huɗu ta intanet, aka kawo su suna ƙyalli. Na kai garejin Oga Bulus, mai facinmu na Tungan Maje. Ya karanta lambar shekarar da ke gefensu, ya lanƙwasa robar, sai ga tsaga.

Ya ce, "Madam, wannan taya ya tsufa a sito, mai aka shafa masa. Da Baba a ciki, ga zafin kwalta, ga tirela? Hannuna ba zai ɗaura ba."

Mai sayarwar ya daina ɗaukar waya. Tsofaffin nan da suka suɗe muka mayar wa motar, kuma ranar Alhamis dole mu hau hanya zuwa wankin ƙodar. Baba bai sani ba, kada ki faɗa masa.

Ki sa mu a addu'a, musamman Alhamis da safe. Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Binta