Jinin Waliyyin Nabuli

Alhamis, 19 ga Satumba, 1968

Yau tsoho Antoniyo, bakaniken nan ɗan Italiya, ya kawo mini gyaran rediyo. Ya ce, "Yalla, maza Sani, kafin azahar." Wai yau ake bikin waliyyin garinsu Nabuli. Busasshen jininsa na cikin kwalba a coci, in ya narke garin zai ga shekara lafiya. Jikokin Antoniyo duk suna can, shi ya sa yake son jin bikin ta rediyo.

Ni ban yarda da wannan ba, amma na hau rufin shago na riƙe masa eriya cikin rana har kafaɗata ta sage. Can na jiyo ƙararrawa da tafi daga rediyon. Antoniyo ya leƙo yana hawaye ya ce, "Halas, shi ke nan ɗana, sauko. Ya narke."

Ban san sanda na ce alhamdu lillahi ba.